Kalmar da Aure Ke Rataye a Kanta

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, mun zauna a ɗakin dattawan wata ikilisiya saboda maganar auren wata 'yar uwarmu. Shekara 9 ke nan da ɗaura auren, 'ya'ya uku, kuma sau biyu ana kwantar da ita a asibiti saboda duka. Ta ce ta gaji, a raba su. Mijin bai musa dukan ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne, ba a taɓa kama shi da wata mace ba, shi ma bai taɓa zarginta da wani namiji ba, saboda haka babu hanyar rabuwa. Wani dattijo ya buɗe Matiyu sura 19 aya 9, inda Yesu ya hana sakin mace amma ya bar ƙofa guda ɗaya, ya ce sunan ƙofar nan zina. Nan take matasan da ke wurin kowa ya zaro wayarsa. Wata fassarar Turanci ta ce cin amanar aure. Wata ta ce lalata kowace iri. Ta uku, wadda Katolika ke karantawa a Amurka, ba ta ma ambaci kwanciya da kowa ba, cewa ta yi sai fa in auren tun asalinsa haramtacce ne. Ita kuwa matar tana zaune a ƙarshen benci, tana jiran ta ji wacce daga ciki za ta hau kanta.

Kalmar da ta raba kan wayoyin nan ita ce porneia, da Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Ta zo fiye da sau 20 a cikinsa. Helenanci yana da wata kalmar dabam ta cin amanar aure, wato moicheia, kuma Matiyu ya san ta sarai. A sura 15 aya 19 ya jera su biyun kafaɗa da kafaɗa cikin mugayen abubuwan da ke fitowa daga zuciya. A cikin ayar sakin ma duka biyun suna nan: ƙofar da aka bari porneia ce, laifin da ke hawa kan wanda ya saki matarsa ya auri wata kuma daga tushen moicheia ya fito. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san abin da ke faruwa idan aka haɗe gurbi biyu na rumbun bayanai suka koma guda: aiki yakan yi sauƙi, amma daga ranar ba wanda zai iya gane wanne ne ya fito daga ina. Abin da ke faruwa ke nan duk lokacin da muka karanta kalmomin nan biyu muka ce duk zina ce.

Don a gane bambancin sai an koma Ibrananci. A Tsohon Alkawari akwai na'af, ita ce ke cikin Dokoki Goma a Fitowa sura 20, kuma hukuncinta kisa ne ga namijin da macen a Littafin Firistoci sura 20. Sai dai abin da ke sa aiki ya zama na'af shi ne matsayin macen kawai. In matar wani ce, ko wadda aka yi wa baiko, an yi na'af. In kuwa magidanci ne ya je wa macen da ba ta ƙarƙashin kowane miji, to, ko me za a kira abin da ya yi, dokar ba ta kira shi da wannan suna ba, kuma ba ta ɗauki matarsa ta gida a matsayin wadda aka zalunta ba. Hausa tana da kalmar da ta yi daidai da wannan fiye da zina, ita ce kwartanci. Kwarto shi ne wanda ya haura gidan wani. Laifinsa ga mai gidan yake, shi ya sa ake fito masa da taɓarya. Magidancin da ke zuwa ɗakin bazawara kuwa ba ma ce masa kwarto, cewa muke yana neman mata, wani lokaci ma da ɗan murmushi. Ba mu koyi wannan daga Ibraniyawa ba, su ma ba su koya daga gare mu ba. Duk inda maza ne ke raɗa wa laifi suna, haka sunayen kan fito.

Kalma ta biyu ita ce zanah. Daga gare ta zonah ta fito, wato karuwa, kamar yadda aka kira Rahab ta Yariko. Yawanci mace ake jingina wa ita, ko kuma al'umma gaba ɗaya idan annabawa irin su Yusha'u da Irmiya da Ezekiyel suna kwatanta bautar gumaka da macen da ta bar mijinta ta shiga duniya. Babu inda rashin daidaiton ya fito fili kamar Farawa sura 38. Yahuza ya ga wata mace lulluɓe a bakin hanya, ya ɗauka karuwa ce, suka yi ciniki a kan ɗan akuya, ya bar mata hatiminsa da igiyarsa da sandarsa jingina. Babu wanda ya ce masa kanzil, abin da ya dame shi daga baya kawai kada a yi masa dariya. Bayan wata uku aka zo aka gaya masa surukarsa Tamar ta yi zanah har ta yi ciki, sai ya ce a fito da ita a ƙone ta. Ita kuwa ta aika masa da hatimin da sandar. Dare ɗaya ne, aiki ɗaya ne, mutum biyu ne, amma a kan ɗaya kaɗai kalmar ta faɗa. Laifi tudu ne. Abin yabo ga labarin shi ne bai ɓoye wannan ba, don a ƙarshe Yahuza da bakinsa ya ce ta fi shi gaskiya.

Mai karatu ya riga ya ji kamar da ke tsakanin zanah da zina. Ba haɗuwar sa'a ba ce, Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, kuma tushen kalmomin guda ne. Sai dai zinar da Hausa ta aro daga Larabci ta zo da kayanta na fiƙihu. A wurin malaman Musulunci zina ita ce saduwa tsakanin namiji da macen da ba ta halatta gare shi ba, kuma sunan yana hawa kan su biyun, da mai aure da marar aure. Aure hukuncin yake sauyawa, ba ya sauya sunan laifin. Ga kuma sharaɗin shaidu huɗu a Suratun Nur, da bulala 80 ga wanda ya yi wa mace ƙazafi ya kasa kawo su. Da aka zo fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da ya kai ga fitowarsa cikakke a 1932 da hannun su Dakta Walter Miller na Zariya a ciki, zina ce ta zauna a gurbin na'af cikin Dokoki Goma, ita kuwa zanah, 'yar uwarta ta jini, sau da yawa karuwanci ce ta tsaya mata. Saboda haka Bahaushen da ya karanta dokar yana jin ta hau kan kowa daidai wa daida. Wannan jin ya fi kyau, muna kuma ganin can littafin ya nufa daga baya. Amma ba haka mutanen farko suka ji ta ba, kuma in ba mu san haka ba, ba za mu gane abin da ya sauya a tsakani ba.

Sauyin ya fara ne a Iskandariya ta Masar. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu Yahudawan birnin, waɗanda Helenanci ya zama harshensu na yau da kullum, suka fara juya Attaura zuwa wannan harshe. Na'af ba ta ba su wahala ba, moicheia na nan tana jira. A Atina ma moicheia keta haddin macen da ke ƙarƙashin wani ɗan gari ce, ko matarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa. Ga zanah kuma suka ɗauko porneia, kalmar da a lokacin ba a cika amfani da ita ba, ma'anarta kuma sayar da jiki. Masana harshe suna danganta ta da wata kalma mai nufin sayarwa, don galibin matan gidajen karuwai bayi ne da aka sayo. A wurin Bahelene zuwa irin wannan gida ba abin kunya ba ne. Akwai wani jawabi da aka yi a kotun Atina a ƙarni na 4 kafin Almasihu, a shari'ar wata mata Neyira, inda mai ƙara ya faɗa wa alƙalai a matsayin abin da kowa ya sani cewa namiji yana da matan shaƙatawa, yana da ƙwarƙwara mai kula da shi, sannan yana da matar aure don 'ya'yan halak da tsaron gida. Romawa ma haka. Dokar da sarki Augustus ya kafa a kan cin amanar aure wajen shekara 18 kafin Almasihu ta tsananta ƙwarai, amma ba ta shafi abin da namiji ya yi da karuwa ko baiwarsa ba. Mata kashi biyu ne a duniyar: masu mutuncin da za a keta, da waɗanda doka ta ce ba su da shi tun farko.

Masanin tarihi Kyle Harper, a wani nazari da ya wallafa a 2012, ya bi sawun yadda wannan ƙaramar kalma ta kumbura a bakin Yahudawa masu jin Helenanci, sannan a bakin Kiristocin farko, har ta haɗiye duk wata saduwa da ke wajen aure, kuma ta koma tana nuna namijin da ya biya kuɗin, ba macen da aka saya kaɗai ba. Ana ganin haka a wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa. A sura 5 ya kira auren mutum da matar ubansa porneia. A sura 6 ya juya kan mazan ikilisiya masu zuwa wurin karuwai, abin da dokar birninsu ba ta hana ba. A sura 7 ya ce kamar yadda miji yake da iko da jikin matarsa, haka ita ma take da iko da nasa. Markus sura 10 kuma ya ruwaito Yesu yana cewa wanda ya saki matarsa ya auri wata ya yi moicheia a kanta, a kan ita matar. Mu yau mukan wuce wurin ba tare da ko ɗaga gira ba. Ga wanda ya tashi da na'af kuwa, daidai yake da a ce wa magidanci ya yi wa matarsa kwartanci.

Ba za mu ƙara gishiri ba. Sabon Alkawari bai fito fili ya ambaci ubangijin da ke kwana da baiwarsa ba, alhali a duniyar da aka rubuta shi wannan ne ya fi kowanne yawa, kuma ita baiwar ba ta da bakin cewa a'a. Wannan shirun yana da nauyi. Sai a ƙarni na 4 da na 5 ake jin masu wa'azi irin su Yohanna Kirisostom da Agustin suna gaya wa magidanta gatse-gatse cewa zuwa wa kuyanga ko karuwa cin amanar aure ne, ko da kotu ba ta ce haka ba. Giregori na Naziyanzus, yana wa'azi a kan Matiyu 19 ɗin nan da muke magana a kai, ya yi ƙorafin cewa maza ne suka rubuta dokokin, shi ya sa suka tsananta wa mata suka sassauta wa kansu. Yawan maimaita wa'azin ya nuna mana mazan ba su ji da wuri ba.

Daga nan kalmar ta ci gaba da sauya riga. A Latin ta zama fornicatio, daga fornix, wato bakan gini, irin lungunan da karuwan Roma ke tsayawa a ƙarƙashinsu. Fassarar Sarki James ta 1611 ta gaji wannan, amma a Turancin yau kalmar ta ƙanƙance ta koma saduwar marasa aure kawai, don haka sababbin fassarori suka gudu zuwa lafazi mai faɗi wanda kowa zai zuba abin da ya ga dama a ciki. Namu fasiƙancin ma baƙo ne da ya sauya hali a hanya. A Larabci fasiƙi shi ne duk wanda ya fita daga ɗa'a, ko maƙaryaci ne ko mashayi, a Hausa kuwa in an ce fasiƙanci tunani ɗaya ne ke zuwa. Haka abin yake ga wasu kalmomi biyu a 1 Korintiyawa 6:9 da ake ta jayayya a kansu a Turai da Amurka. Ɗaya, malakoi, asalin ma'anarta masu laushi, har Matiyu ya yi amfani da ita ga tufafin fada. Ɗayar, arsenokoitai, haɗin namiji da shimfiɗa ce, kusan ba a san ta ba kafin Bulus, kuma da alama daga lafazin Helenancin Firistoci 18 da 20 aka ƙera ta. Martin Luther ya fassara ta da masu lalata da yara maza, fassarar Turanci ta 1946 kuma ta haɗe biyun cikin kalmar zamani guda wadda ba a ƙirƙire ta ba sai a ƙarni na 19. Wannan magana ce mai zaman kanta, ba ita ta tara mu a ɗakin dattawa ba.

To, mece ce porneia a Matiyu 19:9? Amsoshi uku ne suka fi ƙarfi, kuma kowace tana da madogara. Ta farko ta ce cin amanar aure ce, a faɗaɗe. Wannan ce Erasmus ya kare a ƙarni na 16, masu gyaran ikilisiya suka bi shi, har Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta yarda da saki saboda zina ko ƙaurace wa aure da gangan. Ta biyu ta ce ana nufin abin da aka gano a lokacin baiko, kafin tarewa, irin halin da Yusufu ya zaci ya shiga game da Maryamu, labarin da Matiyu kaɗai ya kawo. Ta uku ta ce auren dangi na kusa ne wanda Firistoci 18 ta haramta, irin na mutumin Korinti, wanda da ma ba aure ba ne balle a ce an kashe shi. Wannan ta dace da matsayin Katolika, waɗanda Majalisar Trent ta tabbatar musu a 1563 cewa ko zina ba ta warware igiyar aure. Markus da Luka kuwa ba su kawo ƙofar ba gaba ɗaya. Shekaru ɗaruruwa, mutane masu ilimi da tsoron Allah a kowane ɓangare, ba su daidaita ba. A ganinmu mai fassarar da ya zaɓi ɗaya ya rubuta ta kamar babu sauran, ya yanke hukunci a kan gidajen da bai taɓa shiga ba. Dole ya zaɓa, don ba a barin gurbi a aya. Amma haƙƙin mai karatu ne ya sa masa alama a ƙasa ya gaya masa cewa a nan akwai saɓani, mu ma haƙƙinmu ne mu taɓa alamar mu karanta kafin mu ɗaga murya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damun mu. Idan muka lura da kanmu, ba safai muke tambayar ma'anar irin waɗannan kalmomi don neman sani ba. Saurayi yana so porneia ta tsaya a kan karuwanci don abin da yake yi da budurwarsa ya tsira. Mai wa'azi yana so ta faɗaɗa har ta kamo wanda yake haushi. Mijin 'yar uwarmu yana so ta tsaya cak a kan kamawa dumu-dumu, don ya san ba a kama shi ba. Kowa ƙamus yake buɗewa, amma iyakar gonarsa yake aunawa.

Ga shi kuwa an san tambayar da Yesu yake amsawa. Maimaitawar Shari'a 24:1 ta ba miji damar saki idan ya sami wani abin kunya ga matarsa, lafazin Ibranancin kuma a dunƙule yake. Makarantar Shammai ta ce sai abin da ya shafi lalata. Makarantar Hillel ta ce ko girki ta ɓata ya isa. Daga baya Rabbi Akiba ya ce ko ya ga wadda ta fi ta kyau. Duk wannan yana rubuce a Mishna, a ƙarshen babin saki. Farisiyawan da suka zo wurin Yesu tambayarsu ita ce ko mutum zai iya sakin matarsa a kan kowane dalili. Maza ne masu ikon saki suke tambayar iyakar ikonsu, a zamanin da sakakkiyar mace ba ta da gona ba ta da albashi. Ƙuntata ƙofar da ya yi, mace ya kare daga a jefar da ita saboda miya ta yi gishiri. Duk yadda aka fassara porneia, a ɗauki wannan ayar a kulle matar da ake karya wa haƙarƙari da ita, an juya garkuwar ne an doke mai ita. Wannan ra'ayinmu ne, mun kuma san akwai dattawan kirki da ba za su yarda da shi ba, don suna tsoron in an buɗe taga ɗaya rufin zai tafi. Tsoron nasu ba na banza ba ne. Sai dai tarihin kalmar da suke tsaro, tun daga Tamar har zuwa bayin Korinti, tafiya ce zuwa wurin wanda doka ta manta da shi.

A ranar babu ko ɗaya daga cikin fassarori ukun da ta buɗe wa 'yar uwarmu hanya, domin ba a kanta aka yi tambayar ba tun asali. Wata tsohuwa daga zumuntar mata ce, wadda ba ta da waya mai intanet, ta ce a duba Fitowa sura 21 aya 10 da 11. Wurin yana magana ne a kan baiwar da ubangijinta ya aura sannan ya yi mata kishiya: in ya rage mata abinci, ko tufafi, ko haƙƙinta na aure, sai ta fita abinta ba tare da biyan ko sisi ba. Malaman Yahudawa sun daɗe da cewa abin da aka ba baiwa ba za a hana 'ya ba. Tsohuwar ta tambaya, in wadda aka hana tuwo tana da hanyar fita, ina wadda aka kai asibiti sau biyu? Wani dattijo ya ce wannan Tsohon Alkawari ne. Wani ya ce ai Dokoki Goma ma can suke. Aka ɗaga zaman zuwa bayan girbi, aka ce kafin nan ta zauna a gidan mahaifinta da yaran. Har yanzu tana can.